Hoto na Goma Sha Biyu

"Laraba, sha huɗu ga wata, ƙarfe huɗu na yamma. Ban ce huɗu da minti biyar ba."

Haka mahaifin Auta, yarinyar da yake neman aurenta, ya faɗa masa a bakin ƙofar falo, ko zama bai ce ya yi ba. Kwanaki ke nan Mai Hoto yana yawo da maganar nan a ƙirjinsa, daga wannan dutse zuwa wancan, shi kaɗai a cikin tsohuwar motarsa.

Baban Auta ba mutumin wasa ba ne. Shekara talatin da biyu ya yi a tashar jirgin ƙasa, shi ke sallamar jirgi da tuta a hannu da agogo a aljihu, kuma har ya ajiye aiki bai koyi yafe wa mai latti ba. Sau biyu yana sallamar Mai Hoto daga ƙofar gidansa. Ba wani mugun hali ya gani ba, sana'ar ce ba ta kwanta masa ba.

"Hoton dutse? Dutsen ne zai ciyar da ita? Ai gara mai ɗaukar hoton mutane, an san inda shagonsa yake."

Ga kuma Injiniya a gefe, ɗan aminin Baba, ma'aikacin hukumar ruwa. Bawan Allahn nan idan an ce masa ƙarfe biyar, biyar saura kwata yana ƙofar gida, ya zauna a mota sai lokaci ya cika cif sannan ya yi sallama. Baba kamar ya goya shi. Mama ma ta ce ita dai ba ta ga aibunsa ba.

Wata uku Auta tana kuka, ta rame ta fita hayyacinta, kafin tsohon ya sassauta. Ya ce to, Mai Hoto ya zo masa da takardar aiki tsayayye, ranar da ya faɗa, lokacin da ya faɗa. Amma da sharaɗi, kuma sai da ya sa ta maimaita da bakinta a gaban Mama da yayyenta: in bai zo ba, ba za ta ƙara ambatonsa ba, za ta karɓi Injiniya.

Ta maimaita ba tare da gabanta ya faɗi ba. Ta san mutuminta zai zo ko da rarrafe ne.

Takardar kuwa tana hannun wani kamfanin buga kalanda. Manajan ya ce masa ya kawo hotuna goma sha biyu na ƙasar duwatsu, wata ɗaya hoto ɗaya, ranar Laraba da safe, a nan take a sa masa hannu ya zama ma'aikacinsu. Shi ya sa ya cika tanki, ya jefa bargo da ɗan risho da katan ɗin ruwa a baya, ya kama hanya.

Hanyar ba ta mutane ba ce. Tun rana ta farko kwalta ta ƙare, aka shiga tsakuwa da jar laka, lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a dama rami a hagu. Wani lokaci sai ya yi awa biyu bai haɗu da ko keke ba. Rana ta biyu cajar mota ta yi wani ɗan hayaƙi ta mutu, wayar ta bi bayanta kafin yamma. Ya jefa ta aljihun mota bai damu ba, dama ina sabis ɗin yake?

Sai ya koma hira da kujerar da ke gefensa.

"Auta, dubi wancan. Kin ga yadda rana ta yanko shi rabi? Minti uku kawai zai yi a haka."

Kujera ba ta amsawa, sai jakar kyamara da ya ɗaure da bel kamar mutum. Kewa ta ishe shi, kewa ta gaske. Ya tuna ranar da ya je sallama ɗakin gwajin jini inda take aiki, ta fito da farar rigarta ta shiga motar, tana share hawaye tana kuma gyara masa wuyan riga, ta goge madubi, ta jera masa tarkacen gaban mota. A gidansu Uwar Gyara suke ce mata, don ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce.

Ruwan sama ya tsare shi a gindin wata gada, ya yi ta zuba ba safe ba yamma, har zazzaɓi ya ɗan taɓa shi ya kwanta a kujerar baya ya dunƙule. Da gari ya washe ya ci gaba. Ya ɗauki gadar, ya ɗauki gonakin da aka yanka a jikin dutse kamar matakala, ya ɗauki wata rusasshiyar bukka da ciyawa ta fito ta rufinta. Goma sha ɗaya suka cika, kowanne ya san ba na jin kunya ba ne.

Saura ɗaya, kuma shi manajan ya fi nanatawa, don shi za a sa a bangon kalandar: babban kwarin da ake hangowa daga lanƙwasar ƙarshe, inda kogi ya zagaye wata bishiya guda ɗaya tal.

Ya iso lanƙwasar, ya tarar babu kwari babu kogi. Gajimare ya sauko ya cika ramin taf, fari fat, ko hannunka ka miƙa sai ka neme shi.

Da asuba ya kafa ƙafafun kyamara guda uku a bakin dutsen, ya danne su da duwatsu saboda iska, ya kunna ta. A kusurwar allon kwanan wata ya fito: sha huɗu.

"Sha uku ke nan," ya ce. "Talata."

To, a nan sai an yi bayani. Kyamarar nan ta hannu ya saya shekara uku da suka wuce, kuma tun ranar tana gaba da duniya da kwana ɗaya. Gyaran bai fi danna maɓalli huɗu ba, amma kullum sai ya ce gobe. Daga baya ma abin ya zame masa abin dariya, ya ce shi da ita sun fahimci juna, ita ta faɗi nata shi ya cire ɗaya. Cirewar ta zame masa jiki, ko tunani ba ya yi.

Ya ɗan ƙirga kwanakin da yatsu, ya ga kamar lissafin bai zauna ba. Ya ce ruwan nan da zazzaɓin ne suka cakuɗa masa kwanaki, kyamara ai ba ta zazzaɓi. Ya ɗora ruwan shayi.

Hantsi ya yi, gajimare ko gezau. Wasu awaki suka ɓullo daga cikin farin, suka tsaya suna kallonsa, suka koma. Ya goge idon kyamara, raɓa ta sake rufe shi, ya sake gogewa. Ya zauna a kan murfin mota ya yi tagumi, sanyi na shiga ta takalminsa.

Da rana ta take tsaka zuciyarsa ta fara yi masa magana. Tafiyar awa tara ce zuwa gida. Ya tashi yanzu, ya cike gurbin da wani hoton ko da bai kai ba, ya kwana a ɗakinsa, ya goge rigarsa a natse. Har ya kama ƙafar kyamara zai naɗe.

Sai iska ta ɗan yage gajimaren, ya hango ƙyallin ruwa can ƙasa, kafin ƙiftawar ido ya rufe.

Kash! Da bai gani ba da ya tafi. Amma duk mai wannan sana'ar ya san ciwon, in ka hango abu sau ɗaya ba ka da sauran ƙafar tafiya. Ya saki ƙafar kyamara.

"Zuwa yamma kawai, Auta. In ya buɗe in ɗauka in sauka, in kwana a hanya, ƙarfe tara ina ofis. Ai muna da gobe."

Haka ya zauna, shi da iska, awa bayan awa. Ya shirya abin da zai faɗa wa Baba, ya rushe, ya sake shiryawa. Ya ƙudurta uku da rabi zai isa ƙofar gidan, ya ga ta inda Injiniya zai fi shi.

Biyar ta ɗan gota sai abin ya faru. Gajimaren ya tsage daga yamma, rana ta zuro ta tsagar ta sauka daidai kan bishiyar, kogin ya kama wuta. Ya daidaita, ya riƙe numfashi ya danna. Ya ƙara dannawa. Bai kai minti biyu ba farin ya mayar da kayansa.

Ya duba allon. Tunda yake bai taɓa ɗaukar irinsa ba.

"Auta! Kin gani? Mun samu!"

Muryarsa ta tafi cikin kwarin ba ta dawo ba. Ya tsaya da murmushinsa shi kaɗai, har ya ɗan ji kunya, ya fara naɗe kaya.

Yana sa jakar a mota ya ji ƙarar babur daga sama. Wani mutum ne mai rigar ruwa, da akwatin sanyi na allurar rigakafi ɗaure a baya, malamin asibiti ne da ke zagaya ƙauyukan kan dutse. Ya tsaya ya cire hular kwano.

"Sannu ɗan'uwa. Mota ce ta ƙi?"

"Lafiya lau take. Hoto na tsaya ɗauka."

"A cikin wannan farin? Lallai kana da haƙuri. Ni ma yau ya ɓata min aiki, mata rabi ba su fito ba, sai kuma wata Larabar."

Mai Hoto ya yi dariya. "Ai sai ka dawo gobe, tunda goben ce Laraba."

Malamin asibiti ya kalle shi sama da ƙasa.

"Gobe Alhamis, malam. Shekarata huɗu ina hawa dutsen nan duk Laraba, babur ɗin nan ma ya san ranar."

"A'a, yau Talata, sha uku."

Mutumin bai yi musu ba. Ya zaro wayarsa daga cikin leda ya miƙa masa. Laraba, sha huɗu ga wata, biyar da minti ashirin da biyu.

Mai Hoto ya zauna daɓas a laka. Ya kalli wayar, ya kalli jakar kyamara. Wani gumi ya karyo masa a cikin wannan sanyin.

"Subhanallahi! Malam, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Ina ake samun sabis? Don girman Allah, ina ne mafi kusa?"

Malamin asibiti ya ga abin ba na tambaya ba ne. Ya ba shi ɗan batirin da yake cajin wayarsa da shi, ya ce ya biyo shi, akwai wani dogon ƙarfen lantarki a ƙasa, nan kaɗai waya ke kamawa.

Minti arba'in suka yi suna gangarawa. Yadda bai faɗa rami ba, Allah ne kawai ya tsare. Suna isa gindin ƙarfen wayar ta farfaɗo, ta hau kuka a kan cinyarsa, saƙo na korar saƙo. Malamin asibiti ya ja babur ɗinsa gefe ya ba shi wuri.

Duk daga Auta ne.

"Ka sauko? Ka kira ni ko da minti ɗaya ne." Wannan na jiya ne.

"Na kira kamfanin sun ce ba su gan ka ba."

"Baba ya yi wanka ya zauna a falo, ya ajiye agogo a kan tebur."

"Huɗu saura biyar. Injiniya da babansa suna waje."

"Don Allah."

Na ƙarshen biyar da minti goma ya shigo: "Sun tafi da amsa."

Ya danna kira. Bugu ɗaya ta ɗauka, ya jiyo numfashinta da ƙarar famfo na zuba a bokiti. Ya gane can bayan ɗakuna ta ɓuya, wajen tankin ruwa.

"Auta."

"Kana raye?" Muryar ta dushe, ba ta kama da tata ba.

"Ina raye."

"Ba ka ji ciwo ba? Mota ba ta faɗi da kai ba?"

"Ko ƙwarzane."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda aka daɗe ana dannewa.

"Allah ya yafe min, tun ƙarfe huɗu nake fatan a ce hatsari ka yi. Ƙarami, wanda za ka warke. Don in sami abin da zan faɗa. Sau uku Baba yana tambayata, ina yake? Sau uku ina cewa yana hanya. Yaya Babba har dariya ya yi. Baba ya ƙara maka awa guda, ka ji? Baba! Mutumin da bai taɓa ƙara wa kowa minti ɗaya ba. Ya zauna yana kallon ƙofa, wallahi na ga yana so ka shigo."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Auta, ki saurare ni. Ban manta ba, ban kuma raina ba. Na ɗauka yau Talata. Wayata ta mutu tun rana ta biyu, da kyamara nake duba kwanan wata. Kin san tana gaba da kwana ɗaya. Da safe ta nuna sha huɗu, na cire ɗaya kamar kullum. Ban san abin da ya same ta ba, shekara uku ba ta taɓa…"

Kukan ya tsaya cak.

"Sha huɗu ta nuna?"

"Sha huɗu."

Bokitin ya cika yana zuba a ƙasa, yana jin sa.

"Wayyo Allah na. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na gyara ta. Ranar da ka zo sallama, da ka fita duba iskar taya. Na kunna in ga hotunanka, na ga kwanan watan ba daidai ba. Na ce tafiya za ka yi mai nisa, ga ranar Baba, kar ta ruɗe ka. Na mayar da ita daidai. Na yi niyyar faɗa maka, ka dawo ka fara maganar rabuwa, kuka ya zo min, na manta. Da hannuna! Da hannuna na yi!"

Ya rufe ido ya jingina goshi da sitiyari. Ya nemi haushinta a zuciyarsa bai samu ba, tausayinta kawai ya samu, da haushin kansa.

"Ki daina. Daidai kika yi. Ni ne na bar abu a karkace shekara uku ina masa dariya."

"Zan faɗa wa Baba. Yanzu zan je in durƙusa in faɗa masa."

"Kin riga kin amsa musu?"

Ta ja numfashi da ƙyar. "Ya tambaye ni a gabansu, alkawarinki yana nan? Me zan ce? Na ce yana nan."

Sai ya ji takun takalmi, aka rufe famfo. Wata murya ta ce, "Da wa kike magana?"

Ya ji ta tana bayani cikin kuka, kalma na hawa kan kalma, kyamara, kwanan wata, laifina ne Baba. Tsohon bai katse ta ba har ta gama. Sannan ya ce, "Ba ni."

Mai Hoto ya gyara zama kamar ana ganinsa.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka. Motarka ce ta lalace?"

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe. Ga laka, ga gada, ga zazzaɓi, kowanne zai shiga. Ya haɗiye ta.

"A'a, Baba."

"Na ji zancen kyamara, kuma na yarda, 'yata ba ta yi min ƙarya. To mu bi naka lissafin, mu ce yau Talata. Daga inda kake zuwa nan awa nawa ne?"

"Tara."

"Yaushe ka gama abin da ya kai ka?"

"Saura hoto ɗaya ne, Baba. Gajimare ya rufe wurin, na tsaya jira."

"Tun yaushe?"

"Tun asuba."

"Har?"

"Har biyar."

"Wato ko a lissafinka, ka ba gajimare yini guda, ita kuma ka bar mata abin da ya rage, a kan wannan hanyar, da wannan motar." Babu faɗa a muryar, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. "Da ka taso da rana, da ka sami sabis, da ka kira ni kafin huɗu. Da na jira ka har gobe, yaro. Na so in jira."

Kuka ya ƙwace wa Mai Hoto.

"Ka sami hoton?"

"Na samu, Baba."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi."

"To madalla. Ka riƙe shi da kyau. Na riga na ba mutane magana, ita ma ta bayar. Kada ka ƙara kiran wayar nan."

Daga nesa ya jiyo Auta tana cewa, "Baba, ka bari ya zo ka gan shi, Baba don Allah," sai layin ya ɗauke.

Ya daɗe riƙe da wayar a kunne. Rana ta faɗa bayan duwatsu, iska na kaɗa wayoyin lantarki a sama. Malamin asibiti ya matso a hankali ya ƙwanƙwasa gilashi.

"An dace?"

Mai Hoto ya zare batirin ya miƙa masa ta taga, ya yi godiya da kai.

"Ka biyo ni asibitinmu ka kwana, akwai gado. Hanyar nan ba a bin ta da duhu, kuma ba ka cikin hankalinka."

"Na gode. Gida zan tafi."

"Ana jiranka ne?"

Ya share fuska da hannun riga, ya murza makulli. Motar ta yi tari sau biyu ta tashi.

"Cewa ya yi kar in kira. Bai ce kar in zo ba."

Malamin asibiti ya ja da baya yana girgiza kai. Mai Hoto ya kunna fitila ya saki birki, motar ta fara gangarawa. Tafiyar awa tara ce a gabansa, kuma ya sani sarai babu wanda zai buɗe masa ƙofa a ƙarshenta.